Awon Magana

Ina gaishe ku duka, ku na Kumasi da Tamale da Bawku, da ku na zangon Lome da na Kwatano, da mutanen Garwa da Marwa, da kowane wurin da muryan nan ta kai. Masu goro da masu albasa, mahauta da maɗinka, iyayenmu mata masu koko da ƙosai, da ku 'yan dako, sannunku da aiki. Wanda ya ke cikin awo yanzu ya ci gaba da awonsa, aron kunne kaɗai na ke roƙo.

Yau ina so mu yi magana a kan magana kanta. Kun san a kasuwa kome da ma'auninsa. Hatsi da mudu a ke aunawa, nama da sikeli, goro kuwa a kan ƙirga shi ƙwarya ƙwarya, ko ɗaya ba a yarda ya salwanta ba. Amma akwai haja guda wadda mu ke fitarwa tun asuba har dare ba awo ba ƙirge, watau maganar bakinmu. In an ce mana mun faɗi abin da bai kamata ba, mu kan ce, "Ai magana ce kawai, iska ce, ta wuce." To, yau ina so in nuna muku inda ta kan tafi in ta bar bakinmu.

Bari mu gwada wani abu tare. Ka tuna da lemun tsami, kore shar, an yanka shi biyu da wuƙa, ruwansa yana ɗiga. Ka ɗauki rabi, ka ɗaga kai, ka matse shi a bisa harshenka. To, me ka ji a bakinka yanzu? Yawu ya taru, ko ba haka ba? Na tabbata waɗansu har sun yamutsa fuska. Ga shi kuwa ba lemo a hannunka, ni ma ina nesa da kai, ban taɓa ganinka ba. 'Yan kalmomi kaɗan na aiko, suka shiga ta kunne, suka sa bakinka aiki. In maganar lemo tana iya yin haka, yaya zagi? Yaya albarka?

Mutanen da suka bar mana harshen Hausa sun san wannan sarai, sun kuwa ɓoye sanin cikin wata 'yar gajeriyar kalma, watau "ji". Ku duba yawan aikinta. Da ita mu ke cewa na ji ƙarar mota, wannan aikin kunne ne. Da ita mu ke cewa ina jin yunwa, ina jin sanyi, ina jin zafi, wannan aikin jiki ne. In mun tambayi baƙo, "Kana jin Hausa?" fahimtarsa mu ke tambaya. In kuma muka ce yaron nan ba ya jin magana, ba kurma mu ke nufi ba, halinsa mu ke kuka da shi. Har ma a kan ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Kalma ɗaya ta ɗaure kunne da jiki da hankali da hali a igiya guda. Haka kuwa abin ya ke, gama hanyar da magana ke bi ke nan in ta shiga mutum.

Mu fara da jiki. Ga mace zaune a rumfarta, tana raha da maƙwabciyarta, lafiyarta lau. Sai waya ta yi ƙara, aka ce mata, "Maza ki zo, babur ya buge ɗanki." Nan da nan gabanta ya faɗi, gwiwoyinta suka yi sanyi, bakinta ya bushe, zufa ta keto mata, cikinta ya murɗa. Wa ya taɓa ta? Ba kowa. Likitoci sun bayyana mana yadda abin ke faruwa. Kunne ya kan kai maganar ga ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta aika saƙo zuwa waɗansu 'yan tsoka biyu da ke zaune a bisa ƙoda, su kuma su zuba wani ruwa cikin jini, wanda a ke kira adiranalin. Ruwan nan shi ke sa zuciya ta yi ta bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, jini ya rage zuwa ciki ya koma ga hannu da ƙafa. Allah ya shirya mana wannan domin in mun gamu da maciji ko wuta mu iya tserewa. Amma jiki bai bambanta maciji da mugun labari ba, duka ɗaya ya ke karɓarsu. Can an jima waya ta sāke ƙara, aka ce, "Kwantar da hankalinki, ƙujewa ce kawai, ga shi nan yana tafiya da ƙafarsa." Sai ta yi ajiyar zuciya, ƙarfi ya komo mata. Magana ce ta kayar da ita, magana ce kuma ta tashe ta.

Yanzu ku yi tunanin matar da ke zaune a gidan da a ke zaginta safe da yamma, ko yaron shago wanda maigidansa ba ya buɗe baki sai da tsawa. Jikinsu kullum a shirye ya ke kamar na wanda ya ga maciji, ba ranar hutu. Likitoci sun ce irin wannan damuwa mai daɗewa tana hana barci, tana kuma taimakon hawan jini. Maigida zai rantse bai taɓa ɗaga hannu ya bugi matarsa ba, gaskiya kuwa ya faɗa. Amma Hausa ta riga ta ba da shaida a kansa, gama da jiki mu ke kwatanta abin da magana ke yi. Mu kan ce baƙin ciki da farin ciki, sanyin gwiwa da ƙarfin gwiwa. Mu kan ce maganarsa ta soke ni, ya ci mini fuska, ya ƙona mini rai.

Magana tana da mazauni a cikin jiki kamar yadda gani ke da ido. A shekarar 1861, a birnin Paris na ƙasar Faransa, wani likita mai suna Buroka ya duba wani majiyyaci wanda ya yi shekara 21 ba ya iya furta kome sai "tan". Kome aka tambaye shi, "tan, tan" ne amsa. Hannunsa da ƙafarsa na dama kuma sun shanye. Amma yana gane abin da a ke faɗa masa, yana amsawa da alamar hannun hagu. Da ya rasu, likitan ya duba ƙwaƙwalwarsa, ya tarar da wani wuri a gaba, wajen hagu, ya lalace. Tun daga nan aka gane cewa ga yawancin mutane, wurin ƙera magana a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ya ke. Shi ya sa za ku ga wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sau da yawa bakinsa ma ya kan kama. Ga gargaɗina a nan. In kuna da irin wannan majiyyaci a gida, kada ku ɗauke shi kamar gungumen itace. Da yawa daga cikinsu suna ji, suna ganewa, amsawa ce ta gagara. Kada ku tsaya a kansa kuna cewa, "Wannan kam ya gama," balle ku yi maganar gado a gabansa. Ku gaishe shi da sunansa, ku ba shi labarin kasuwa, ku yi masa sannu.

Jin magana kuwa tun daga ciki ya ke farawa. A watannin ƙarshe kafin haihuwa, ɗan da ke ciki yana jin muryar uwarsa. A shekarar 1980 waɗansu masana biyu a Amurka suka gwada jarirai waɗanda ba su wuce kwana 3 a duniya ba, suka tarar jariri yana bambanta muryar uwarsa da ta wata mace, ya kuma fi son ta uwarsa. Ashe tun kafin ya san ma'anar kalma ɗaya, murya ta riga ta zama masa wurin hutawa. Ku iyaye, ku tuna da wannan sa'ad da ku ke faɗa da juna a ɗaki kuna cewa yaro bai san kome ba.

To, mu matsa ga tunani. Kowane harshe akwai abin da ya ke tilasta wa mai shi ya lura da shi. Da Hausa ba ka iya ce wa mutum kome sai ka zaɓa tsakanin "kai" da "ke". Asantawa kuwa, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, kalma guda su ke da ita ga namiji da mace. In Bature ya ce ga ɗan'uwansa, kalma ɗaya ta ishe shi, ko babba ne ko ƙarami. Mu kuwa mu kan ce wana ko ƙanena, yata ko ƙanwata, mu kan raba kawu da baffa, mu raba inna da gwaggo. Yaron da ya tashi cikin waɗannan kalmomi, tun bai yi wayo ba ya san wa zai durƙusa wa, wa kuma zai goya. Ban ce mai wani harshe ba ya iya ganin abin da mu ke gani ba, yana iyawa sarai. Amma kalma kamar turba ce a cikin daji. Ko'ina mutum yana iya bi, duk da haka inda aka riga aka tattake nan ƙafa ta fi zuwa.

Turbar da ta fi kowace ƙarfi ita ce suna. Hausawa sun ce suna linzami ne. Ku da ke zaune cikin Asantawa kun san suna ba ɗa suna bisa ranar da aka haife shi, kamar yadda mu ma mu ke da Ɗanladi da Talatu da Asabe. Namijin Litinin shi ne Kwadwo, na Laraba kuwa Kwaku. Sun kuma daɗe suna cewa Kwadwo mai sanyin hali ne, Kwaku kuwa mai saurin fushi, mai neman faɗa. Wani malami mai suna Gustaf Jahoda, wanda ya koyar a kwalejin jami'a ta ƙasar tun tana Gwal Kos, ya so ya ga ko akwai gaskiya ciki. Ya bincika takardun kotun yara ta ƙasar Asante, ya buga abin da ya samu a shekarar 1954. Ya tarar masu suna Kwadwo ba su cika zuwa gaban alƙali ba, masu suna Kwaku kuwa sun yi yawa cikin waɗanda aka kama da laifin faɗa da duka.

Me za mu ce? Ranar Laraba ce ke da mugun hali? A'a, Allah ne ya yi ranaku duka, ba wadda ya ware domin masu faɗa. Ga abin da na ke gani. Kwaku yana ɗan shekara 3 ya ture ƙanensa, sai manya su yi dariya su ce, "Ai Kwaku ne, halinsu ne." Kwadwo ya yi irin wannan, sai a ce, "Haba, wannan ba halinka ba ne." Shekara da shekaru kowannensu yana jin abin da a ke zaton zai zama, har ya zama. Kada mu yi wa Asantawa dariya, gama namu ya fi muni. Su ranar haihuwa ce ta ba da sunan, mu kuwa da bakinmu mu ke laƙaba wa 'ya'yanmu daƙiƙi, shashasha, ɓarawo, marar amfani. Yaro ya ɗauki nama ɗaya a tukunya, ka kira shi ɓarawo yau, gobe, jibi, a gaban abokansa. In ya girma ya shiga aljihun mutane a tasha, ka ce ba ka san inda ya samo halin ba. Ka ce masa, "Abin da ka yi sata ne, ba kuwa halin gidanmu ba ne," ka hore shi, wannan daidai ne. Laifin ka ba suna, ka bar wa yaron nasa sunan.

Saura zaman mutane da juna. A nan ku 'yan kasuwa ku ne malamaina. Mai saye ya taya kayanka da kuɗin da ko uwar kuɗi bai kai ba. Da ka ga dama sai ka ce masa ya raina maka hankali, ya tafi ya ba ka wuri. Amma me ka kan ce? "Albarka." Ka ƙi tayinsa, ka kuwa ƙi shi da kalmar alheri, saboda haka bai ji kunya ba, ya tsaya, ya ƙara, har ku kai ga "Na sallama." Wanda ya fara wannan al'ada ya san zuciyar ɗan Adam. Haka kuma gaisuwarmu mai tsawo, wadda waɗansu ke cewa ɓata lokaci ce. Kafin a taɓa maganar kuɗi an tambayi kwana, an tambayi gajiya, an tambayi iyali. Wanda ka tambayi lafiyar 'ya'yansa yanzu yanzu, da wuya ka tauye masa mudu ido da ido.

Amma a kasuwan nan ne kuma na yi abin da har yau in na tuna na kan ji kunya, zan kuwa faɗa muku domin kada ku ce mai wa'azi yana nuna kowa da yatsa ban da kansa. Kun san 'yan matan nan masu ɗaukar kaya a daro, waɗanda a ke kira kayayo. Yawancinsu daga arewacin Ghana su ke zuwa. Sunan ma rabinsa namu ne, "kaya" Hausa ce, ɗaya rabin kuwa daga harshen Ga ne, ma'anarsa mace. Amma wa ke da lokacin faɗin sunan duka? "Kaya!" kawai mu ke kira, su sheƙo a guje.

Ana sauran kwana kaɗan Kirsimeti, aka aike ni kasuwar Kejetiya in sayo kayan abincin biki na ikilisiya. Na sayi buhun shinkafa mai kilo 25, da galan na mai, da albasa, da tumatirin gwangwani. Na ɗaga murya na ce, "Kaya!" Wata yarinya ta zo. Na jibga mata duka a daro ɗaya domin kada in biya mutum biyu, na wuce gaba ina magana a waya, ban ko waiwaya ba. Muna gab da tasha sai na ji ƙara a bayana. Ta yi tuntuɓe, galan ya faɗi, murfi ya buɗe, mai yana malala a ƙasa. Ban tambaye ta ko ta ji ciwo ba. Na ce, "Ke wawiya, makauniya ce ke? Kin san kuɗin man nan?" Ta tsaya tana rawar jiki, ba ta ce uffan ba.

Akwai wata tsohuwa Hajiya mai sayar da goro a gefen hanya. Ta yafuto ni da hannu, ta ce, "Ɗana, zo nan." Na je na rusuna, na ce, "Ga ni, Inna." Ta ce, "Kayan nan naka duk na san sunansu, ga shinkafa, ga mai, ga albasa. Ita wadda ta ɗauko su fa, wa sunanta?" Na yi shiru. Ta ce, "Je ka tambaye ta, sa'an nan ka ci gaba da faɗan."

Na koma na tambaye ta da Hausa. Ta faɗi sunanta a hankali, daga jin sunan na san inda ta fito. Na juya harshe na yi mata magana da yaren uwata, sai ta ɗago kai ta dube ni, hawaye suka zubo. Ashe ƙauyensu da namu ba nisa, kasuwa ɗaya iyayenmu ke ci. Jama'a, sai a sa'an nan idona ya buɗe. Na ga ba ta fi shekara 14 ba. Na ga silifas ɗinta ya tsinke, babban yatsanta yana jini. Na ga kayan da na ɗora mata, wanda in ƙanwata ce ko rabinsa ba zan yarda ta ɗauka ba. Duk waɗannan suna nan tun farko, da rana tsaka, idona kuma lafiya lau. Me ya hana ni gani? Kalmar da na kira ta da ita. Na ce "kaya", sai na ga kaya, kaya kuwa ba ya gajiya, ba ya jin ciwo. Na roƙe ta gafara a gaban mutane, na biya ta ladan mutum biyu, na ɗauki buhun da kaina zuwa mota. Ni da na ke koya wa yara katekisim kowace Lahadi, ranan nan mai goro ce ta koya mini karatu.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Abin da ya faru tsakanina da yarinya ɗaya yana iya faruwa tsakanin kabila da kabila. A ƙasar Ruwanda akwai wani gidan rediyo da ya yi ta kiran kabilar Tutsi da sunan "inyenzi", watau kyankyasai. Kullum a na faɗa, cikin raha da kiɗa, har kunnuwa suka saba. A shekarar 1994, cikin kwana wajen 100, aka kashe mutum fiye da 500,000, da yawa kuwa maƙwabtansu ne suka sare su da adda. Mutum ba ya iya sare maƙwabcinsa da sauƙi, amma kowa yana iya take kyankyaso. Sai da aka sāke musu suna tukuna hannu ya iya ɗaukar adda. A shekarar 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha, ƙasar Tanzaniya, ta hukunta waɗansu shugabannin gidan rediyon nan saboda abin da aka watsa. Ni da na ke magana da ku ta rediyo, wannan labari ya kan sa in auna bakina. Ku ma da ke zaune a zango, kabila goma a layi ɗaya, Musulmi da Kirista suna ɗiban ruwa a famfo guda, ku lura da sunayen da a ke kiran waɗansu da su a rumfar shayi, da waɗanda a ke turo muku ta waya. Ranar da ka ji an daina kiran mutane da sunansu, an koma kiransu da sunan dabba ko ƙwaro, kada ka yi dariya, kada kuma ka tura wa wani.

Littafi Mai Tsarki bai raina harshe ba. In kuna da shi a gida, ku buɗe Wasiƙar Yakubu, sura 3, ku karanta da kanku. Yakubu ya kwatanta harshe da linzamin da ke juya doki, da ɗan ƙaramin abin da matuƙi ke juya babban jirgin ruwa da shi, da kuma 'yar wuta mai cinye jeji. Mu 'yan kasuwa ba sai an fassara mana wuta ba. A farkon shekarar 2025 kasuwar Kantamanto ta Ankara, babban birnin Ghana, ta ƙone, dukiyar dubban mutane ta zama toka a dare ɗaya. Kowace gobara kuwa da wutar da tafin hannu zai iya rufewa ta ke farawa. Abin da ya fi ba Yakubu mamaki shi ne, da baki ɗaya mutum ke yabon Allah, da shi kuma ya ke zagin ɗan'uwansa wanda Allah ya yi cikin kamanninsa. Da na karanta wurin bayan abin da ya faru a Kejetiya, sai na ga kamar ni ya ke nufi.

Ku duba kuma yadda Yesu Almasihu ya yi da suna. A Bisharar Luka, sura 19, akwai labarin wani mutumin Yariko, Zakka, shugaban masu karɓar haraji, gajere, mai dukiya. Mutanen garin sun riga sun ba shi suna, mai zunubi su ke ce da shi, ba kuwa ƙarya suka yi masa ba. Amma shekarun da suka yi suna kiransa haka ba su sa ya mayar da ko anini ba. Ranar da Yesu ya ratsa garin, Zakka ya hau itace domin ya hange shi. Yesu ya tsaya a gindin itacen, ya kira shi da sunansa na yanka a gaban taro, ya ce a gidansa zai sauka. Kafin ranan nan ta ƙare, Zakka ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki 4. Yesu kuwa ya ƙara masa wani suna, ya kira shi ɗan Ibrahim. Zagin gari duka bai motsa shi ba, kira ɗaya na ƙauna ya kwance bakin jakarsa.

Wani zai ce, "Malam, na ji, daga yau zan kame bakina." Madalla, amma ka sani kame baki kaɗai ba ya isa. Buhu in an kwance bakinsa, abin da ke ciki shi ke zubowa. Mai gero ba ya zubar da shinkafa. Yesu ya koyar cewa abin da ya cika zuciya shi ne baki ke fitarwa. Ranar da man nan ya zube, ban tsaya na ƙago zagi ba, yana nan ajiye a cikina, raini ne na daɗe ina tarawa ban sani ba. Saboda haka wanda ke son bakinsa ya gyaru, sai ya kai zuciyarsa wurin Mai gyara. Shi wanda ya kira Zakka da suna ya san naka sunan, ya san kuma duk sunayen banza da aka laƙaba maka tun kana yaro, waɗanda har yanzu ka ke ɗauke da su kamar daro a ka. Yana kiranka ka sauke.

Kafin mu rabu, ga aikin da na ke ba ku na wannan mako. Gobe in ka kira ɗan dako ko 'yar dako, ka tambayi sunansa kafin ka ɗora masa kaya, ka kuwa riƙe sunan. In akwai mugun sunan da ka saba kiran ɗanka ko matarka ko yaron shagonka da shi, ka binne shi yau. In kuma akwai wanda ka soka da magana, ka san shi, yanzu ma fuskarsa ta zo maka. An ce magana zarar bunu ce, ba ta komawa, gaskiya ne. Amma a kan yi wa ɗaki sabon baibaya. Je ka same shi kafin ka kwanta, ka ce, "Na yi maka laifi, ka yafe mini." Za ka ji nauyin kalmomin nan a bakinka kamar dutse, in ka furta su kuwa za ka ji yadda jikinka zai yi sakayau.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Ubanmu, kai ka yi kunne, kai ka yi harshe. Ka gafarta mana maganganun da muka zubar ba awo, waɗanda suka raunana bayinka. Ka warkar da waɗanda ke ɗauke da ciwon magana a zuciyarsu. Ka tsarkake zuciyarmu domin bakinmu ya fitar da alheri, a gida da kasuwa. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

To, jama'a, a nan zan dakata. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare ku da iyalanku. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.